Zanen bargo a jikin rumbunan ƙauyen Amurka: meye asalinsa, kuma ta ina ake fara zagayen?

Tambaya: "Salamu alaikum Yaya. Ban jima da zuwa karatu Columbus ba, kwanaki mun fita bayan gari sai nake ta ganin wasu manyan zane masu kusurwa huɗu, kala-kala, manne a jikin rumbunan manoma. Wani yace min laya ce ta korar mayu, wani kuma yace alamar bayi ce tun zamanin bauta. Wai har yawon kallonsu ake yi a mota. Meye gaskiyar abin, kuma in ina so in kai iyali ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Toh duka su biyun da suka baka labari basu dace ba, amma ban ga laifinsu ba don kowanne akwai inda ya tsinto nasa, zan zo kansu. Abin da ka gani ba laya bane, ba kuma tsohon abu bane kamar yadda yake nunawa a ido. A 2001 aka fara shi, kuma a nan jihar da kake zaune, Ohio, a wata gunduma da ake kira Adams can kudu a bakin kogin Ohio. Kaga kenan da yawa daga cikin ɗaliban da kuke aji ɗaya sun girme shi ko sa'anninsa ne. Tsohon abu a ciki guda biyu ne, rumbun da kansa, wato ƙaton ginin katakon da manomi ke ajiye dabbobi da amfanin gona, da kuma zanen da aka kwafo daga bargon da matan ƙauyen Amurka suka daɗe suna ɗinkawa. Haɗa su waje ɗaya shine sabo.

Bari in fara da bargon don in baka gane shi ba duk yawon zai zame maka kallon fenti kawai. Matan karkara a da basa zubar da ƙyalle. Ragowar yadi, tsohuwar rigar miji, rigar yaro da ta matse, har buhun fulawa da na abincin kaji, wanda a shekarun 1930 lokacin da tattalin arziki ya karye kamfanoni suka rinƙa yi da yadi mai furanni saboda sun gane mata na ɗinki dashi, duk sai a yanka su ƙanana, wasu kusurwa huɗu wasu alwatika, a harhaɗa su su bada zane, a shimfiɗa auduga a tsakiya a sa shafi a ƙasa a bi da allura a ɗinke hawa ukun. Bargon gaba ɗaya maimaicin gida ɗaya ne, wato zane ɗaya mai kusurwa huɗu a yi ta jera shi har ya cika gado. Wannan gida ɗayan shi ake ɗauka a faɗaɗa shi a zana da fenti a kafa a jikin rumbu. Kuma kowane zane da sunansa, kamar dai yadda mai ɗinkin babbar riga zai kalli aiki daga nesa yace maka wannan aska takwas ce wannan aska biyu, haka tsohuwa a Kentucky zata hango rumbu daga cikin mota tace wancan Bear's Paw ne, tafin dabbar nan beyar, wancan kuma Flying Geese, jerin alwatika kamar dinya sun tashi sama. Akwai Log Cabin da ake jera sirara-sirara kewaye da ɗan jan gida a tsakiya, ana cewa jan murhun gida ne. Akwai Corn and Beans, masara da wake, manoman Iowa na sonsa. Akwai Mariner's Compass mai tsinaye da yawa, shi ne mai wahalar zanawa, akwai Drunkard's Path, tafiyar mashayi, don layinsa a karkace yake tafiya. Zane ɗaya ma sai ka ji yana da suna uku ko huɗu gwargwadon yanki, saboda jaridu ne suka yaɗa su kowa da sunan da ya laƙaba, jaridar Kansas City Star kaɗai ta yi ta buga su daga 1928 har 1961.

Wadda ta kawo dabarar sunanta Donna Sue Groves, 'yar asalin West Virginia. A 1989 ita da mahaifiyarta Maxine suka sayi gona a gundumar Adams, gonar na da wani tsohon rumbun shanya taba da muninsa ya dame ta, sai ta yiwa uwar alkawari wata rana zata zana mata gidan bargo a jikinsa, don Maxine gwanar ɗinkin bargo ce. Alkawarin nan ya yi ta jan ƙafa sama da shekara goma. Ita kuma Donna Sue tana aiki da hukumar raya fasaha ta jihar Ohio, aikinta yawo ƙauyukan yankin tsaunukan Appalachia inda talauci ya yi katutu, don haka da aka zo yin abin sai tunani ya canza, maimakon rumbu ɗaya a yi guda 20 a warwatse cikin gunduma, a buga taswira, baƙo ya shigo da motarsa yana bi ɗaya bayan ɗaya, a hanya ya sha mai ya ci abinci ya sayi zuma ko kwando ya kwana. Na farko da aka buɗe shi ne Ohio Star, tauraron Ohio, a watan Oktoba 2001 a wata gonar ganyayyakin ƙamshi kusa da garin Manchester na gundumar Adams ɗin lokacin bikinsu na shekara. Abin dariya, rumbun Maxine da aka faro maganar dominsa sai 2003 ya samu nasa, zanen Snail's Trail mai nannaɗewa kamar bayan dodon koɗi. Donna Sue ta rasu a 2021, amma kafin nan ta ga abin ya bazu jihohi sama da 40 har ya tsallaka Kanada.

Me yasa ya kama haka kamar wutar daji? Ni a ganina ba don kyan zanen bane kaɗai. Rumbunan nan mutuwa suke yi. A 1935 gonakin Amurka sun kai wajen miliyan 6.8, yanzu kusan miliyan 2 ne, ƙanana sun narke cikin manya. An gina tsohon rumbu ne don doki da shanu a ƙasa, busasshiyar ciyawa a bene, toh daga shekarun 1970 aka samu injin da ke naɗe ciyawa ƙaton dunƙule a barshi a fili, benen ya zama ba amfani, tarakta da injin girbi na yanzu kuma ko ƙofar basa shiga, sai manomi ya kafa rumfar kwano a gefe ya bar na katakon. Yankin taba kuma a 2004 gwamnatin tarayya ta soke tsarin kason noman taba ta biya manoma diyya, da yawa suka daina, rumbunan shanya suka koma wajen ajiye tarkace. Rumbu in rufinsa ya fara yoyo shekaru kaɗan ne ya durƙushe. Amma mutum in aka kafa zanen bargon kakarsa a jiki, baƙi na tsayawa suna ɗauka a hoto, kunya ma bazata barshi ya ƙyale rufin ba. Sannan ga wani abu da matan yankin ke yawan faɗa, rumbu wajen maza ne, bargo aikin mata ne da ke ninke cikin akwati ba mai gani, yau gashi an fito dashi ƙafa takwas a bakin titi. Kuma abin bashi da shugaba, ba wani ofishi a Washington da ke bada izini, kowace gunduma kwamitinta take kafawa, matan ƙungiyar ɗinki, malamin zane na sakandare, yaran ƙungiyar matasan manoma, ofishin yawon buɗe ido, shikenan an fara.

Yanzu maganar laya. Wanda ya faɗa maka haka ya haɗa shi ne da wani abu daban na jihar Pennsylvania, wajen gundumomin Berks da Lehigh, inda manoma jikokin Jamusawa tun ƙarni na 19 suke zana taurari da furanni cikin da'ira a jikin rumbu. Waɗancan zagayayyu ne, naka masu kusurwa huɗu ne, daga nan ma zaka bambance. Ko su ɗin ma labarin korar mayun a shekarun 1920 ya yi ƙarfi ta hannun masu rubutu don 'yan yawon buɗe ido, masana da yawa na ganin ado ne kawai. Dama rubutu a jikin rumbu ba baƙon abu bane a nan Ohio, wani kamfanin tabar taunawa na garin Wheeling, Mail Pouch, ya shafe kusan shekara ɗari yana yiwa manoma fenti kyauta don ya rubuta tallansa, har yanzu zaka ga ragowarsu baƙaƙe da rubutu rawaya a kudancin Ohio, sannan dab da cikar jihar shekara 200 a 2003 an zana tambarin bikin a rumbu a kowace ɗaya daga gundumomi 88. Ido ya riga ya saba, shi yasa manoma basu yi gardama sosai ba.

Maganar bayi ita ce ta fi buƙatar a tsaya, don zaka ji ta a bakin mutanen kirki, har a wasu takardun yawon ma an buga ta. Cewa ake wai a zamanin bauta ana shanya bargo a kan shinge, kowane zane saƙo ne ga bawa mai shirin gudu, wannan na nufin haɗa kaya, wancan na nufin bi sawun dabba ta kan dutse. Labari ne mai daɗi amma daga wani littafi na 1999 ya yaɗu, shi kuma ya dogara ne da bakin mace ɗaya mai sayar da barguna a garin Charleston na jihar South Carolina. Masana tarihi sun bincika basu samu komai ba, ba a rubuce-rubucen waɗanda suka gudu da kansu ba, ba a hirarrakin da gwamnati ta yi da tsofaffin bayi sama da dubu biyu a shekarun 1930 ba, kuma wasu zanukan da ake ambata sai bayan an soke bauta a 1865 aka ƙirƙiro su, irin su Double Wedding Ring da ya yi tashe a shekarun 1920. Don haka in mai gona ya baka wannan labarin kar ka tsaya musu dashi a ƙofar gidansa, amma kar ka ɗauka ka kaiwa yara a matsayin tarihi. In tarihin gaske kake so, yana nan kusa, daga gundumar Adams ka bi titin 52 gefen kogi yamma kaɗan zaka isa Ripley. Kogin nan shi ne iyaka a da, tsallake Kentucky ƙasar bauta, nan Ohio ƙasar 'yanci. A kan tudu akwai gidan John Rankin, wani limamin coci da ya ɓoye ɗaruruwan masu gudu, a ƙasa bakin ruwa kuma gidan John Parker, wanda shi kansa bawa ne da ya fanshi kansa ya zama mai maƙera, da dare yana tsallakawa da kwalekwale ya kwaso mutane. Duka biyun gidan tarihi ne yanzu. Ka tsaya a kan tudun ka kalli faɗin ruwan, wallahi ya fi maka labarin bargo sau goma.

Toh ta ina zaka fara. Tunda kana Columbus ba sai ka wahalar da kanka ba, ka nufi Adams ɗin, tafiyar wajen awa biyu ce, daga Cincinnati kuma awa ɗaya da 'yan mintuna ta titin 32. Hedikwatar gundumar ita ce garin West Union. Shawarata ka shigo ta Peebles ka fara da Serpent Mound, wani tudun ƙasa mai siffar maciji da mutanen asalin ƙasar suka gina tun kafin zuwan Turawa, tsawonsa ya haura mita 400, yara su ɗan miƙe ƙafa, daga nan ka gangara titin 41 zuwa West Union, ka ratsa ta Wheat Ridge inda 'yan Amish, wasu Kiristocin karkara masu gujewa kayan zamani, suke da shagunan burodi da kayan katako, sai ka sauka Manchester bakin kogi ka ƙarasa Ripley. Rumbunan suna warwatse a tsakanin nan. Amma in gaya maka gaskiya tun yanzu, na Adams sun tsufa, na farkon kai tsaye aka zana wasu a jikin katakon rumbu, rana da ruwa sun ci su, wani ya koɗe wani rumbun ma babu shi. Mai son fenti mai sheƙi zai iya cewa wannan ne abin da ake ta zuzutawa? Ni kam na fi son su a haka, amma ra'ayi ne. In kana son masu yawa a kusa da juna, gundumar Miami wajen Troy a yammacinka tana da nata, Athens ma a kudu maso gabas haka.

Ga kuskuren da kusan kowane sabon zuwa yake yi: ya buɗe taswira ya ga ɗigo hamsin yace yau sai na gansu duka. Kafin azahar yara sun fara kuka, uwargida ta haɗe rai, shi kuma ya koma direban haya yana tsere da agogo, kuma duk hotunan iri ɗaya zasu fito. Wannan yawon ba don ƙirga ake yinsa ba. Waɗanda suka ƙirƙiro shi ma zanen tarko ne suka ɗana maka don ka sauka daga babban titi ka shiga hanyar da ba abin da zai kai ka in ba shi ba. Goma zuwa sha biyu a yini ya isa har ya yi yawa. Ka zaɓi waɗanda takarda ta bada labarinsu, don a nan daɗin yake, zaka karanta cewa wannan an kwafo shi daga bargon da aka ba kakar mai gonar ranar aurenta, wancan launinsa kore da rawaya ne saboda maigidan baya hawa tarakta sai ta kamfanin John Deere mai wannan launin, wancan ja da fari da shuɗi, launin tutar Amurka, saboda ɗansu soja ne, wani kuma ruwan hoda don matar gidan ta yi fama da ciwon daji. In baka san wannan ba, alwatika ce kawai a jikin katako.

Shi yasa nake cewa ka nemi taswirar takarda. Ofishin yawon buɗe ido na gunduma, ɗakin karatu na gari, ko shagon kayan ɗinki, ɗayansu zai baka kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, yawanci kuma akwai ta a shafinsu na intanet ka sauke ka buga kafin ka fito. Kar ka dogara da waya ɗari bisa ɗari, cikin kwarin tsaunukan nan sabis ɗaukewa yake, ka sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gida. Wani lokaci adireshin zai kai ka akwatin wasiƙa a bakin titi alhali rumbun na bayanka ko sai ka wuce ka waiwayo zaka ganshi, don haka aikin mutum biyu ne, kai tuƙi, uwargida taswira, yara kuma a basu gasar wa zai fara hangowa.

In ka samu wanda ke kusa da titi ka ƙura masa ido zaka ga yadda aka yi shi. Ma'aunin da aka saba ƙafa 8 ne tsawo ƙafa 8 faɗi, kusan mita biyu da rabi, falanki biyu ne masu ƙafa 4 da 8 aka haɗa, in ka lura zaka ga layin haɗin a tsakiya. Ba kowane falanki ba, irin na masu allon talla ne mai santsin fuska da ke jure ruwa, yanzu wasu sun koma farantin alminiyom don baya ruɓewa kuma bashi da nauyi. Sai an shafe shi da farin fenti na share fage hawa biyu ko uku, musamman bakin-bakin don ta nan ruwa ke shiga ya kumbura shi, sannan a ja layuka da fensir a raba shi gida-gida, a manna tef a gefen kowane yanki, a shafa launi ɗaya a jira ya bushe a ƙara a sake ƙarawa, a ɓare tef ɗin a koma na gaba. Aikin ba wuya sai cin lokaci, rabinsa jiran bushewa ne, shi yasa ake yinsa da sanyi a garejin wani ko ɗakin taron coci ana hira. Masu yi sun san launi uku ko huɗu masu faɗa da juna sun fi, saboda mai kallo yana cikin mota ne daga nesa, zane mai ƙananan gidaje da yawa in ka matsa sai ya dagule. Ranar kafawa kuma biki ne, sau da yawa kamfanin lantarki na ƙauyen ne ke kawo motarsu mai kwandon ɗaga ma'aikaci su taimaka a ɗaga shi. Wanda ke fuskantar kudu ko yamma shi ke fara koɗewa, jan launi kuma shi ke fara tafiya.

Rumbun ma abin kallo ne. Na taba zaka ganshi da dogayen tagogi sirara a tsaye da ake buɗewa iska ta ratsa ganyen, in ka tsallaka gada daga Aberdeen zuwa Maysville ka shiga Kentucky zaka ga yawancinsu baƙaƙe ne don baƙi na jan zafi ya taimaka wa shanya, kuma ba inda zanen ke fitowa ɗas kamar a kan baƙin nan. Na shanun madara a Wisconsin manya ne masu rufi mai gwiwa da doguwar hasumiyar abincin shanu a gefe. Jan da ka fi gani kuma asalinsa araha ce, garin tsatsa ake damawa da man da ake shafa wa katako, ya zama al'ada.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe, don shi ne zai iya jawo matsala. Kusan duk rumbunan nan a gonar mutane suke, gidansu ne. Yardar da suka bayar ita ce a kalla daga titi, ba a shiga ba. Kar ka karya kan mota ka shiga hanyar gidan mutum, kar ka buɗe ƙyaure, kar yara su tsallaka shinge don waya ce mai lantarki a wurare da yawa, ga karnuka, ga kuma dokar kiwon lafiyar dabbobi, mai kaji ko aladu baya son takalmin baƙo a harabarsa. Yawancin mutanen karkara masu fara'a ne, zasu ɗaga maka hannu daga kan sitiyari ko basu sanka ba, in mai gida na waje ka gaishe shi daga bakin titi kace zanen ne ya tsayar da kai, sau tari shi zai ce shigo, ya tsare ka da labarin kakarsa har ka gaji. Amma sai shi ya kira ka. Ƙasa ce da bindiga ke cikin gidaje da yawa, a 2023 a karkarar jihar New York an harbe wata budurwa har lahira don kawai motar da take ciki ta shiga hanyar gidan wani bisa kuskure. Ba tsorata ka nake ba, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma mu baƙi ne kuma baƙar fata, ga uwargida da hijabi, ido zai kasance kanku ko ba da mugun nufi ba, toh ka tsaya inda kowa zai ga abin da kake yi, da rana, kyamara a hannu. In wajen shago ne ko gonar da ke sayar da tuffa da kabewa da alamar a buɗe, wannan shiga ka yi ciniki, dama don haka aka yi.

Tuƙin kansa sai ka kula. Hanyoyin ƙauye sirara ne ba kafaɗa, gudun da aka yarda a yawancinsu mil 55 a awa ne kuma 'yan gari na cika shi, kar ka taka birki a kan kwana ko bayan tudu don ka hango zane, wuce ka samu fili ka juyo, ka kunna fitilar haɗari in ka tsaya. Lokacin kaka injin girbi na cinye titi gaba ɗaya, bi shi a hankali har ya baka hanya. Keken dokin 'yan Amish zaka ganshi da jar alwatika a baya, rage gudu sosai, kar ka danna hon doki ya firgita, kuma basa son a ɗauki fuskarsu a hoto, shagunansu a rufe suke ranar Lahadi don haka Asabar ce ranarka. Motar makaranta rawaya in ta kunna jar wuta ta miƙo alamar tsayawa, a titi mai layi biyu kowa tsayawa yake har mai zuwa daga gaba, tararta ba wasa. Sai barewa, daga Oktoba zuwa Disamba musamman Nuwamba, da magariba da asuba suke faɗowa titi, in ka ga ɗaya akwai ta biyu a bayanta. Ka sha mai tun tanki na rabi, yara ƙanana kuma kowa a kujerarsa ta mota, doka ce.

Lokaci mafi kyau a kudancin Ohio tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa ne, ganye ya juye ja da ruwan goro, ba zafi ba sanyi sosai, masara an fara girbe ta. Wannan na masarar ba ƙaramin abu bane, a Yuli da Agusta ta fi mutum tsawo, tana rufe rabin rumbunan. Mayu ma da kyau. Da an shiga Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya, kafin shida duhu ya yi, yinin ya gajarce. Hoto kuma da safe ko bayan la'asar, tsakar rana fentin ƙyalli yake.

Abinci ku yi guzuri daga gida ko ka biya shagunan 'yan Somaliya wajen Morse Road da Cleveland Avenue kafin ku fita, don a ƙauye naman alade na shiga inda baka zata ba, cikin wake, cikin miyar da ake zubawa kan burodin safe, har ɓawon kek ɗin tuffa wasu da kitsensa suke yi, a shagon Amish ka tambaya kai tsaye zasu gaya maka ba ɓoye-ɓoye. Masallaci babu a hanya, ka ɗauki darduma da ruwa a jarka, ku yi sallah a wurin shaƙatawa na gwamnati ko filin hutun matafiya, ba a bakin gonar wani ba.

In wannan ya yi muku daɗi kuna son ƙari, wanda yafi yawa a waje ɗaya da na sani shi ne gundumar Shawano a Wisconsin kusa da Green Bay, sun fara a 2010 yanzu sun haura 300, har yawon keke suke shiryawa a tsakaninsu ƙarshen Satumba. Iowa ta shiga tun 2003 da gundumar Grundy, Sac ma ta yi suna, can ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya hanyoyi a miƙe kamar an ja da rula, tuƙi ba wahala amma akwai tsakuwa da ƙura, kuma in ka je ka biya Cedar Rapids ka ga masallacin 1934 da ake kira uwar masallatan Amurka. Mafi kyan hanya a wajena tsaunukan yammacin North Carolina ne wajen Burnsville, sai dai guguwar Helene ta yi musu mummunar ɓarna a Satumba 2024, ka duba halin hanyoyi kafin ka ɗau iyali. A Kanada kuma garin Wardsville na Ontario sun yi guda 30 a 2010 don cikar garin shekara 200, su nasu jere yake yana bada tarihin garin daga farko, amma wannan sai ka duba bizarka tukunna, fita daga Amurka da takardar ɗalibi sai ofishin ɗalibai na makarantarku ya sa maka hannu. Na Adams dai ba ruwansa da wannan, Asabar ɗaya ce da tankin mai, ku fita da bakwai na safe ku kamo hanyar gida kafin magariba saboda barewar nan.